Injiniya Ba Kwana

Ni fa injiniyan lantarki ne, da takarduna. Shi ya sa da muka yi hayar tirelar kwana don fita sahara da iyali, na ƙi kai motata gareji. Soket ɗaya ne kawai za a ɗaura a bayan a-kori-kura, wanda zai ba tirela wuta. Ni za a koya wa wannan?

Na ɗaura shi can gefen dama, inda ya fi kyan gani. Matata ta leƙo ta ce, "Abban Hanif, wayar nan ba ta yi gajarta ba?"

Na ce, "Hajiya, na auna."

Kuma wallahi na auna! Sai dai na auna ne mota da tirela suna tsaye a miƙe sambal. Na manta mota tana shan kwana, a Doha kuwa, garin shataletale.

Tun a shataletalen farko na unguwar Gharrafa waya ta tsinke, ban sani ba. Sai da muka isa sahara muka tarar batirin tirela ya mutu, firji ya zama tanda, naman da Hajiya ta wuni tana gyarawa ya fara wari. Ta dube ni ta ce, "Khalas, shi ke nan, mu koma gida." Ko tabarma ba mu shimfiɗa ba.

Yanzu har a masallaci sunana Injiniya Ba Kwana: mota ba ta shan kwana, iyali ba su kwana ba. Jiya Hanif ya ɗaga wayata, na ji ya ce, "Ba Kwana yana wanka."