Kalmar Sirrin Kasuwar Ƙwara

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiya, akwai wata kasuwa a gindin kuka wadda ba a san ta da komai ba sai ƙwarar kaɗanya. Duk damina ƙananan dabbobi kan bi gindin itatuwa su tsinto, su shanya, su ɗura a buhuna, su kai siton ƙungiya, sai kaka ta yi a sayar wa fataken ƙetare gaba ɗaya. Da ƙungiya ta gaji da wasan da dillalai ke yi da ita, sai ta sayi kwamfuta. Ta cikinta ake ganin farashi, ta cikinta ake ƙulla ciniki, kuma ita ke fitar da takardar da in aka nuna a ƙofar sito za a buɗe a yi lodi.

Wadda aka damƙa wa kula da ita wata beguwa ce mai suna Delu. Wata huɗu ta yi a ƙetare tana koyo, ta dawo da ɗan littafi cike da rubutu. Delu tana son aikin nan fiye da yadda take nunawa. Kafin zuwan kwamfuta, in ta shigo kasuwa darewa ake yi saboda ƙayoyinta. Yanzu kuwa har tare ta ake a gaishe ta, a tambaye ta yadda farashi ya kwana. Ta kuma san duk ranar da wani abu ya sami ƙwarar jama'a, ranar aikin zai bar hannunta.

Ba za a ce kwamitin ƙungiya ya yi sakaci da tsaro ba. Shugaba Barmo, wani ɓauna mai kauri da son jawabi, ya sa aka gina wa kwamfutar ɗaki da ƙofar ƙarfe. Makau, gwaggon birin da ke riƙe da sarautar tsaro, ya rataya kwaɗo uku, ya kewaye ɗakin da ƙaya, ya ajiye gadu biyu suna gadi. Har riga aka ɗinka wa kwamfutar da aikin zare a wuya. Baƙi kan zo daga nesa don su ga ƙofar.

Delu ta yaba da ƙofar. Sannan ta ce abin da ya fi ƙofar muhimmanci shi ne kalmar sirri, domin wanda ya san ta yana iya shiga cinikin ƙungiya daga ko'ina, ko da bai taɓa taka dajin ba. Ta nemi a riƙa sauya ta duk wata. Kwamiti ya ji daɗin shawarar ƙwarai, ya amince nan take.

Sai dai ƙungiyar tana da wata doka da kowa ke alfahari da ita, wadda aka kafa tun zamanin wani tsohon shugaba da ya cika ƙus-ƙus: duk abin da kwamiti ya yanke, sai an rubuta shi, an karanta wa jama'a ranar kasuwa. Sauya kalmar sirri kuwa hukunci ne, hukunci kuma na kwamiti ne. Saboda haka ranar kasuwar farko, hankaka Ɗantani, sakataren ƙungiya, ya hau reshen kuka ya karanta ta baƙi bayan baƙi, yana faɗin wanne ne babba wanne ne ƙarami. Da yake Delu ta zaɓo mai wuya, mai lambobi a tsakiya, sai ya maimaita saboda na baya.

A zaman kwamiti na gaba Delu ta nemi izinin magana.

"Ranka ya daɗe, ba dokarmu nake rainawa ba. Amma abin da aka karanta a tsakiyar kasuwa ya tashi daga sirri. Akwai wasu gafiyoyi uku da ba na dajin nan ba, ba sa saye ba sa sayarwa, amma ba su taɓa fashin karatun Ɗantani ba. Ɗayansu har da fensir yake zuwa. A bar kalmar tsakanina da kai, a rubuta kawai cewa an sauya."

Barmo ya yi gyaran murya mai tsawo.

"'Yar nan, kin yi karatun ƙetare, mun gode wa Allah. Amma mu nan ba ma ɓoye wa talakawa komai. Yau in muka ɓoye kalma, gobe za a ce mun ɓoye buhu. Kuma ai Ɗantani kafin ya karanta sai da ya gargaɗi kowa cewa sirri ce, da kunnena na ji. Gafiyoyin nan da kike faɗa, ina ma 'ya'yan ƙungiya za su yi koyi da su. Namu ana karatu suna ta surutu."

Makau ya ƙara da cewa in gafiya ta isa, ta zo ta gwada haƙorinta a kwaɗonsa. Aka yi dariya, aka rubuta dariyar a bayanin taro.

Sau ɗaya Delu ta gwada dabara. Bayan an karanta ta wancan watan, ta koma ɗaki ta sauya ta a ɓoye. Kwana biyu rak asirinta ya tonu, domin Makau ya kawo surukansa su ga yadda kwamfuta ke amsa masa, ta ƙi buɗewa. Aka tsayar da Delu a gaban kasuwa ta ba da haƙuri, aka gaya mata in ta kuma, akwai masu jiran kujerarta. Ta mayar da kalmar kwamiti. Daga nan duk ranar kasuwa sai ta tsaya can gefe, tana kallon fensirin gafiya yana tafiya.

Kaka ta yi, sito ya cika har bakin ƙofa. Wata Talata da hantsi Delu ta shigar da kalmar sirri, kwamfuta ta ce ba ta san ta ba. Ta sake, haka. Ba ta tsaya rufe ƙofa ba ta nufi bakin kogi inda siton yake, da irin gudun da beguwa ke iyawa. Ta tarar da kwale-kwale huɗu sun kai tsakiyar ruwa, sun nutse har wuya saboda nauyin buhunan ƙwara, gadu biyun nan kuma suna share gumi, don su suka taya lodi. Makau ya miƙo mata takarda yana murmushi, ya ce ta duba da kanta, shi ba ya buɗe sito sai ya ga hatimin kwamfuta. Hatimin kuwa na gaske ne.

An kafa kwamitin bincike, Makau ne shugabansa. Zama uku aka yi. Aka auna ƙofa, aka jijjiga kwaɗuna, aka ƙirga ƙayar shinge, aka ɗaga rigar kwamfuta aka leƙa. Komai na nan yadda yake. Da aka ba Delu dama, ta ce abin da za ta faɗa ta riga ta faɗa, yana cikin bayanin taron watan biyar. Ɗantani ya duba ya tabbatar yana nan, ya ce amma an rubuta cewa an yi dariya a kansa, don haka ba ya cikin shawarwari.

Barmo ne ya karanta sakamako a gindin kuka, gaban kurege da zomaye da sauran waɗanda suka yi damina a duƙe.

"Jama'a, bincike ya nuna ba a taɓa ƙofa ba, ba a taɓa kwaɗo ba, ba wanda ya tsallaka shinge. Tsaronmu bai gaza ba, kuma muna jinjina wa Makau. Bincike ya kuma nuna ɓarayi ba su taɓa samun hanya ba sai da aka fara kunna kwamfutar nan. Mun tambaya wa ke kunna ta kullum. Ba mu sami suna biyu ba."

Delu ta ajiye makullanta a kan tabarma, ta ɗauki littafinta. Da ta ratsa cikin taron, aka buɗe mata hanya mai faɗi.

A zaman da ya biyo baya kwamiti ya cire wayar kwamfutar daga jikin batir, ya ƙara gadu biyu a ƙofa. Yau damina uku ke nan, kuma ko ƙwara ɗaya ba a sake sata ta cikinta ba.