Ranar da Na Rufe wa 'Ya'yan Tarwada Famfo

Ba zan taɓa mantawa da ƙarnin da ya tare mu a ƙofar gonar Kawu Dauda ba. Ƙarnin kifi ne haɗe da warin gansakuka da na jiƙaƙƙen siminti. Har yau in na bi ta gaban masu bandar kifi a kasuwa sai in ji kunya ta rufe ni, kamar wani ya san abin da na yi.

Lokacin ina aji biyu a jami'a, ina karanta adabi, kullum da ɗan littafi a jaka don kada baitin waƙa ya zo mini in rasa inda zan ajiye shi. Baba ne ya shirya tafiyar wata Asabar cikin zafin bazara. Ya ce ba zai yiwu 'ya'yansa su riƙa cin tarwada ba su san daga ina take fitowa ba. Kawu Dauda abokinsa ne tun suna firamare. Da ya yi ritaya daga aiki a Abuja sai ya haƙa rijiyar burtsatse a bayan Keffi, ta hanyar Akwanga, ya kama ƙyanƙyasar kifi, saboda ya ga yadda gidajen farfesu ke tsirowa tun daga Maraba har cikin Abuja. Muka tafi ni da Baba da Mama da ƙanwata Hafsa, wadda bakinta ba ya hutu.

Kafin ku yanke mini hukunci, bari in gaya muku yadda gidanmu yake. A unguwar Gangaren Tudu muke, cikin Keffi, famfonmu kuwa sai ya yi sati biyu bai ɗiga ba, wurin 'yan garuwa muke samun ruwa. Dokar Mama guda ɗaya ce: duk wanda ya ga ruwa na zuba ya wuce bai rufe ba, to ba shi da tarbiyya. (Ni ce kuma abin misali a gidan. Ko an tashi yi wa Hafsa faɗa, da sunana ake farawa.)

Kawu ya fara kai mu wani ɗaki mai duhu, da tankunan siminti guda uku a jere. Ya haska ɗaya da tocila ya ce, "Waɗannan jiya suka ƙyanƙyashe." Na leƙa. Dubbai ne, kowanne bai kai gashin ido ba, suna ta karkarwa a ƙasan ruwa. Zuciyata ta narke. Kawu yana ta bayani, Hafsa na jera masa tambayoyi, ni kuwa tuni na yi nisa, ina neman kalmar da za ta dace da rai ƙarami haka.

Da suka fita na tsaya in rubuta layi biyu. Sai na lura wani sauti yana hana ni tunani. Kowane tanki akwai famfo a kansa yana tsiyaya, ta ɗaya gefen kuma ruwan yana fita ta bututu, yana bin kwata zuwa waje. Ruwa garai-garai, a banza! Na ce a raina, maza ke nan, ba su san zafin ruwa ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na rufe. Na ukun yana da tauri, sai da na sa gefen mayafina na murɗe shi da kyau.

Muka zaga manyan tafkuna, muka watsa wa kifi abinci, muka yi sallar azahar. Inna Talatu, matar Kawu, ta shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro ta kawo shinkafa da farfesu. An yi wajen awa uku. Muna cikin ci Kawu ya dubi Baba ya ce, "Malam Sani, Allah ya ba ka yara masu natsuwa." Baba ya yi murmushin nan nasa na jin daɗi. Ni kuma na ga lokaci ya yi da zan ƙara masa.

"Kawu," na ce, cikin muryar ladabi, "na ma rufe muku famfunan ɗakin can. An manta da su a buɗe." Ban tsaya nan ba, wallahi. Na ƙara da cewa, "Ka san ruwa yanzu sai da tattali."

Cokalin Kawu ya tsaya a hanya. "Wane ɗaki?"

"Na jariran."

"Tun yaushe, 'yata?"

"Tun da kuka fita."

Ban taɓa ganin dattijo mai shekara sittin da wani abu ya yi gudu irin wannan ba. Takalmi ɗaya ya samu ya saka. Muka bi shi a baya, Hafsa tana cewa, "Yaya, ai ya yi bayani! Ya ce ruwan nan shi ne numfashinsu, ko minti goma ba ya son ya tsaya. Kina ina?"

Ruwan tankunan ya yi fari-fari, warin ɗakin ya canza. 'Yan abubuwan da na bari suna karkarwa sun kwanta a ƙasa kamar an barbaɗa gari. Kawu ya buɗe famfo biyu, na ukun ya ƙi, sai da ya nemo sifana. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Hafsa ta matso kunnena ta ce, "Sai ki rubuta musu ta'aziyya, tunda littafin na nan."

"Dauda," in ji Baba, "ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba."

"Haba Malam Sani, ba komai. Tarwada ai taurin rai gare ta, za su farfaɗo." Ya juyo gare ni, ina ta hawaye. "Share fuskarki. Duba, ga wasu can suna motsi." Na duba, na ga kamar suna motsi, na kama wannan na riƙe.

A mota, da muka shigo gari, Mama ta ce, "Na ce a riƙa rufe famfo. Ban ce na gonar mutane ba." Tun daga ranar, ko gidan mutum na ga yana ambaliya, sai na yi sallama na tambaya ko da gangan ne.

Bayan shekara shida, a bikin Hafsa, Inna Talatu ta zo da kwandon busasshen kifi gudummawa. Ta gan ni ta tuntsire da dariya, "Mai famfo!" Na ce ai Allah ya taimake ni jariran kifin nan sun rayu. Ta dube ni ta ce ko ɗaya bai kwana ba, ruwan da aka sake buɗewa ne yake juya su. Ta ce kafin a samu ƙwan tarwada ya ƙyanƙyashe sai an yanka namijin, kuma wanda Kawu ya yanka domin waɗannan shi ne mafi girma a gonar, shekara biyu yana kiwonsa. Kawu ne ya hana kowa ya gaya mini.