Wanzamin da Ya Suma a Asibitin Ido

Ba za ni taɓa mantawa da ranar da na raka ɗana Bello asibitin ido ba. Bello ɗan kabu-kabu ne tsakanin Isa da Burkusuma, kuma tun yana ƙarami ba ya ganin nesa. In tabarau ya faɗi, rami da inuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Da ya kayar da wata tsohuwa da buhun geronta, sai yayyensa suka ce a kai shi birni a gyara idon da hasken leza.

Ni kuwa wanzami ne. Kaciya, ƙaho, cire beli, babu wanda hannuna bai yi ba. Tun a mota nake cika baki: "In dai yanka ne, ni za ni zaɓa maka."

Likitar, wata yarinya sa'ar autata, ta ce hanya biyu ce. Ta farko, a ɗaga siririyar fatar saman ido kamar murfi, haske ya gyara ciki, a mayar. Washegari mutum na gani garau. Ta biyu, a kankare saman. Akwai raɗaɗi na kwanaki, amma babu murfin da zai goce in ido ya bugu.

Na gyara hula. "Ɗiyata, ai wannan aski ne. Nuna mini in gani." (Wa ya aike ni?)

Ta juyo mini allon kwamfuta, ta kunna bidiyon wani da aka yi wa aikin. Ga ido kamar faranti, an banƙare shi da ƙarfe, yana kallona. Suna fara ɗaga murfin nan...

Farkawa na yi a ƙasa, hula can, takalmi can, Bello na yi mini fifita.

"Baba, wacce kuka zaɓa?" in ji likita, tana danne dariya.

Na ce, "Ruwa."

Ina kwance suka gama maganarsu. Awo ya nuna fatar idonsa ba ta da kaurin da za a ɗaga, don haka ta biyun aka yi. Ni kuwa ta farko na ƙudurta, don mu koma gida da wuri, kuma da rigima za ni yi a kai.

Ya sha hawaye, ya warke. Yanzu daga ƙarshen kasuwa yake hango ni, ya ɗaga murya: "Sarkin Aska, a kawo ruwa?"

Ya yi ta yi. Ni dai kullum godiya nake wa Allah da ya kwantar da ni kafin in buɗe baki. Askata kuwa, yanzu iyakarta gira.