Farfesan Fistin da Babur ɗin Mai Gyaran Famfo

Wajibi ne a kan duk al'ummar da ta san darajar ilimi ta yabi masananta tun suna raye, domin yabon da ya zo bayan mutuwa ba ya isa kunnen mai shi. Saboda haka na ɗauki alƙalami in sauke wannan nauyi game da mutumin da layinmu ke kira Farfesan Fistin. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya hutar da jama'a wahalar nema.

Shekara ashirin da shida ya yi yana buga hatimi a wani ofishi. Da ya yi ritaya sai ya gano cewa duk tsawon wannan zamani akwai injiniya zaune a cikinsa yana jiran a buɗe masa ƙofa. Ya kama shago, ya ɗinka farar riga irin ta likitoci, ya jera sifanun kwance noti a bango daga babba zuwa ƙarama, ya zana wa kowace siffarta da fenti don kada ta ɓata. Na shaida cewa babu wadda ta taɓa ɓata, kuma babu wadda ta yi dattin kirki. Makaminsa na gaskiya magagari ne, siriri, mai ƙotar katako, wanda yake sokewa a aljihun gaba inda a da alƙalami yake zama.

Fanninsa shi ne ƙara wa babur gudu don tsere, musamman irin baburan nan masu hayaƙi da ake gauraya wa fetur da mai. Ga wanda bai sani ba, injin irin wannan babur yana da 'yan tagogi a jikin silinda. Fistin ne ke buɗe su yana rufe su in yana kai da komo: ta wasu fetur ke shiga, ta ɗaya hayaƙi ke fita. Masu sana'ar tsere sukan ɗan faɗaɗa tagar hayaƙi da awo mai tsanani, abin da bai fi kaurin farce ba. Farfesa ya ji wannan labari, ya riƙe faɗaɗawar, ya bar awon ga masu ƙaramin tunani.

"In faɗaɗawa kaɗan tana ƙara gudu kaɗan," in ji shi ga masu zaman bencin ƙofar shagonsa, "to, faɗaɗawa da yawa me za ta ƙara? Ku ba ni amsa. Kun yi shiru. Wannan shi ake kira lissafi."

Hujjojin ƙwarewarsa biyu ne, kuma na auna su da idon adalci. Ta farko ita ce ƙara: babur ɗin da ya fito daga hannunsa yakan tashi jariran layi uku. Ta biyu kuwa, babu wanda ya taɓa kawo masa babur sau biyu. Farfesa yakan ce wannan shaida ce ta aikin da ba ya bukatar maimaici. Akwai wata fassarar, amma ba na son a ce ina da hassada.

Matar Farfesa tana da ƙane, mai gyaran famfo, magidanci mai 'ya'ya uku, mutum mai haƙuri wanda ba a tunawa da shi sai bututu ya toshe. Dukiyarsa babur ɗaya ne, tsoho, ja, wanda yake ɗaure wa bututu da akwatin kayan aiki. Ya samu aikin saka famfunan wani sabon gini can bayan gari, inda mota ba ta zuwa, da sharaɗin ya fara ranar Litinin da sassafe, in bai zo ba a ba wani. Ranar Asabar kafin nan kuwa akwai tseren babura a wani fili da ke gefen gari. Farfesa ya dubi wannan babur, ya ga abin da babu wanda ya taɓa gani a cikinsa.

"Ƙanena," ya ce, "doki kake hawa kana yi masa kallon jaki. Ba ni shi kwana uku. Ranar Asabar za ka shiga filin nan kana mai gyaran famfo, ka fito ana nuna ka da yatsa."

"Yaya, ni dai Litinin nake ji," in ji mai famfo. "In babur ɗin nan ya kwanta, ni ma na kwanta."

"Litinin za ka isa wurin aikin kafin ka bar gida."

Kada mai karatu ya yi saurin zargin mai famfo. Mutumin da ya shekara goma sha biyar ana kiransa ta ƙofar baya yana da hakkin ya yi marmarin tafi ko sau ɗaya. Kuma yana jin nauyin mijin yayarsa. Ya miƙa makulli.

Da Farfesa ya buɗe injin, sai ya tarar da abin da ya girgiza imaninsa da kamfanonin duniya. A tsakiyar tagar hayaƙi akwai wani siririn ginshiƙi na ƙarfe da ya raba ta biyu. Ya kira mutanen benci su zo su shaida.

"Ku dubi sakaci. Injiniyoyi dubu, da digirorinsu, sun huda taga sun manta da sanda a tsakiya. Hayaƙi ya zo fita, ya tsaya yana shawarar ko ya bi dama ko ya bi hagu. Kafin ya yanke hukunci an wuce ka."

Akwai wani tsohon bakanike a shagon da ke kusa, mutumin da hannunsa ya yi baƙi har sabulu ya sallama masa. Ya leƙo, ya ce ba mantuwa ba ce. Fistin yana da zobe mai tsalle a jikinsa, wanda kullum yake neman buɗewa, kuma wannan ginshiƙi ne ke tare shi in ya zo wucewa ta bakin tagar. In aka cire, zoben zai leƙa cikin ramin, bakin ramin ya kama shi.

Farfesa ya saurare shi da irin haƙurin da malami ke yi wa ɗalibin da ya maimaita aji. "Baba," ya ce, "kai gyara kake yi, ni ingantawa nake yi. Tsakaninmu akwai tafiya." Tsohon ya koma kan aikinsa. Kwana biyu ana jin kukan magagari, har ginshiƙin ya zama gari a kan jaridar da aka shimfiɗa. Da Farfesa ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya ƙara wa tagar faɗi dama da hagu, kyauta, saboda zumunci.

Ranar Juma'a da la'asar aka yi gwaji. Ka'idar Farfesa ce ba ya gwada babur a kan titi, domin titi yana da ramuka da awaki, kuma waɗannan ba sa cikin ilimi. Ya kafe shi a kan jak, tayar baya tana lilo a iska, ya buga, ya murɗa totur sau uku. Tantabarun layi suka tashi gaba ɗaya. Ya kashe da sauri, ya ce kada a ƙarar da ƙarfin kafin ranarsa. Mai famfo ya ce kamar ya ji wani ɗan ƙas-ƙas a ciki. Farfesa ya ce ƙarfi ne ke ƙwanƙwasa ƙofa.

Da safiyar Asabar babura goma sha ɗaya suka jeru. Farfesa ya zo da farar rigarsa a goge, ya zaga sauran baburan yana girgiza kai cikin tausayi. Aka ɗaga tuta. Gaskiya ta tilasta mini in rubuta cewa babu babur ɗin da ya kai na mai famfo ƙara, kuma na ɗan lokaci har ya shiga gaban mutum biyu. Bai kai kwanar farko ba aka ji ƙarar ƙarfe ya ci ƙarfe. Tayar baya ta daskare, babur ya ja dogon layi a ƙasa, mai famfo ya gangara gefe guda, takalminsa ya gangara wani gefen. Allah ya kiyaye, gwiwa da gwiwar hannu kawai ya kurje. Da aka buɗe injin, zoben ya karye uku, fistin ya tsage, silinda kuwa kamar an yi mata kaftu.

Farfesa ya ɗaga fistin ɗin sama don kowa ya gani. "Jama'a, ku zama shaida. Ƙarfin da na zuba a injin nan ya fi ƙarfin ƙarfen da aka ƙera shi da shi. Laifin zamani ne da bai iso inda nake ba."

Tsohon bakanike ya ce kayan irin wannan babur sai an aika nesa, mako uku in an yi sa'a. Mai famfo ya zauna a kan dutse yana duban gwiwarsa. Ya ce, "Litinin fa, Yaya?"

Wannan tambaya ce matar Farfesa ta maimaita da yamma a tsakar gida, ƙanenta na zaune a kan tabarma tana shafa masa magani. Farfesa ya fara bayani a kan juriyar ƙarafa. Ta bari ya kai aya, ta shiga ɗaki, ta fito da makulli. Sannan ta buɗe ɗakin ajiya, ta yaye wani bargo. Ga babur ɗin Farfesa na kansa, irin na ƙanen nata sak, yana sheƙi, wanda ba ya fita sai in za a je ɗaurin aure.

"Baban yara, tunda zamani bai iso ba, sai ka ba shi wannan ya riƙa zuwa aiki kafin ya iso."

Mai famfo ya ɗingisa ya buga sau ɗaya. Injin ya tashi a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ladabi. Ya saurara, ya dubi mijin yayarsa da fuskar da ban iya tantance ko ta wasa ce ko ta gaske ba.

"Yaya, wannan ai ba shi da murya. Ko in biyo da shi shago gobe ka ɗan inganta shi?"

Farfesan Fistin, mai gyara kuskuren injiniyoyi dubu, ya yi wuf ya dafe kan babur ɗin da hannu biyu.

"Kada ka kuskura," ya ce. "Wannan nawa ne. In ya yi wani abu, ka kai wa Baba."