Katin Mai Girma da Yafiya ta Uku

Jiya na halarci jana'izar babban mutum ba da niyya ba. Ni dai rakiya na fito. Maƙwabcina Nurettin, wanzamin layinmu a nan Ankara, wata bakwai yana jiran ranar da za a duba takardunsa na bizar Jamus. 'Yarsa Gülten ta haihu a can, jikan har ya fara rarrafe, shi kuwa a waya kawai yake ganinsa. Ƙarfe sha ɗaya aka ba shi. Ƙarfe goma motarmu ta tsaya cak, 'yan sanda sun datse hanya, wai za a wuce da gawar Mai Girma Uban Tafiya, wanda ya daɗe yana riƙe mana harkokin waje.

Allah Ya jiƙansa, ni ba na zagin mamaci. Bawan Allah ya sha wahala dominmu. Ƙasa tamanin ya ci abincin liyafa saboda ni da kai. Duk taron da ya dawo sai ya ce saura ƙiris a buɗe mana ƙofar Turai mu shiga ba biza. Ina saurayi na fara jin ƙiris ɗin nan, yanzu haƙorana na roba ne, ina nan ina jiran gawon shanu. Ashe ƙofar ta buɗe tuni, faɗinta ne bai wuce mutum ɗaya da iyalinsa ba.

Nurettin garinsu ɗaya da marigayin. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce ya taɓa yi masa aski, shi kuma ya ba shi katinsa, ya rubuta a baya: "Mai ɗauke da wannan nawa ne." Kun san darajar irin katin nan, da shi ake samun aiki, da shi ake samun gado a asibiti. Nurettin bai taɓa fito da nasa ba. Da ɗansa ke neman aiki ya ce abin bai kai ba. Da za a yi wa matarsa tiyata ma ya ce a bari, ajiya maganin wata rana.

To, jiya ranar ta zo. Ya zaro katin, ya nufi ɗan sanda.

"Ɗana, duba nan. Ni nasa ne, ka bar ni in wuce."

Ɗan sandan ya karanta, ya ƙame. "Allah Ya ba ku haƙuri, Baba. Ashe dangi ne. Ku biyo ni."

"Ba can ba, ofishin biza za ni."

"Haba Baba, wa ke zancen biza yau? Wurinku yana sahun gaba."

Haka katin ya yi aikinsa na farko kuma na ƙarshe. Aka tusa ƙeyarmu har harabar masallaci, tsakiyar manya masu baƙin tabarau, aka maƙala mana hoton marigayin a ƙirji. Nurettin ya dubi agogo, sha ɗaya ta gota, hawaye suka zubo masa. Wani mai ƙaton tumbi ya dafa shi ya ce, "Ka ga masoyin gaskiya." Wallahi ni kaina ya ba ni tausayi.

Liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi a jana'izar ƙasarmu: "Kun yafe masa haƙƙinku?" Sau uku yake tambaya, sau uku jama'a ke amsawa, "Mun yafe." Nurettin ya amsa ta fari, ya amsa ta biyu, a ta uku ya ja bakinsa ya tsuke.

A hanyar gida na ce, "Maƙwabci, ina ta ukun?"

Ya ce, "Ta fari tawa ce, na yafe. Ta biyu ta matata ce, na ari bakinta. Ta uku ta jikana ce. In na gan shi zan tambaye shi."

An ba shi sabuwar rana, wata tara nan gaba. Ni dai addu'ata, Allah Ya ƙara wa sauran manyanmu lafiya, ko da zuwa ranar ne.