Dogon Bakina a Layin Allurar Barci

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka leƙa cikina da kyamara ba, ko da tsufa zai kai ni ga neman hulata alhali tana bisa kaina. Shekara talatin da ɗaya na yi ina masinja a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma wanda ya daɗe yana rungumar fayil ɗin manya yakan ji kamar ilimin ya ratsa shi ta hammata. Shi ya sa a majalisarmu ta unguwar Nyanya, ko zancen jirgin sama ake yi, ni ke yanke hukunci.

Bara ciwon ciki ya sa ni gaba, har tuwo ya zama abokin gaba. Likita ya ce sai an zura min wani siririn tiyo mai kyamara ta baki har tumbi, a ga abin da ke can. Ya ce hanya biyu ce: ko a fesa magani a maƙogwaro a yi ina ido biyu, ko a yi min allurar barci. Bai rufe baki ba na zaɓi feshi a zuciyata. Ina da dalili. Tun ina saurayi aka shiga da yayana Sale tiyata a garinmu, aka sa masa barci, bai farka ba. 'Ya'yana sun san dai ya rasu a asibiti, ban taɓa ba su sauran labarin ba.

Ranar aikin 'yata Hadiza ta ɗauki hutu a ofis ta raka ni, don an ce dole a zo da ɗan rakiya. Muna idar da sallar asuba muka fito saboda cunkoson hanya, cikina babu ko ruwa. Aka zaunar da mu a dogon benci, kusa da wata mata mai suna Madam Rifkatu, 'yar Filato, mai sayar da dankali a unguwar Durumi. Sai murza bakin zaninta take tana addu'a ƙasa-ƙasa. Da muka gaisa ta ce ita ko buroshin goge baki ya taɓa mata maƙogwaro sai ta yi amai, don haka feshi ba zai yi mata ba, ga shi tana tsoron a sa ta barci ta wuce. Jikoki uku ne a hannunta, uwarsu ta rasu.

To, kalma biyu ce ta kamace ni a nan: ni ma. Da na faɗe su da na huta. Maimakon haka sai na gyara babbar riga, na yi gyaran murya irin ta darakta.

"Madam, wannan ai ba barci ba ne, gyangyaɗi ne kawai. Ni sau uku ana yi min. Har nakan roƙe su su ƙara min minti biyar."

Hadiza ta juyo ta dube ni (yarinyar nan ta san ko allurar zazzaɓi sai na kau da kai ina salati), na yi kamar ban gan ta ba. Na ci gaba da bayanin yadda maganin ke bin jijiya, har da nuni da yatsa, kamar da ni aka haɗa shi. Matar ta saki ajiyar zuciya. Da nas ta zo da takarda, ta sa hannu a kan barci. Sai nas ɗin ta juyo gare ni, a gaban matar, ta ce Baba fa, feshi ko barci? Na ce har sai an tambaya? Na karɓi biro. Wannan sa hannun, ko ni da na yi shi ba zan shaida shi a kotu ba.

Ita aka fara kira. A bakin ƙofa ta waiwayo ta ɗaga min hannu. Minti ashirin, rabin awa, ba ta fito ba. Babu wanda ya gaya min cewa waɗanda aka gama wa ta ƙofar baya ake gangarawa da su ɗakin hutu. Da aka kira sunana na shiga, sai na tarar da gado wayam, an shimfiɗa sabon zani. Nan take zuciyata ta gama lissafi: na tura uwar marayu inda Yaya Sale ya tafi.

Aka kwantar da ni ta gefen hagu, aka soka min allura a bayan hannu. Na buɗe baki zan ce a dakata, nas ta ɗauka haɗin kai nake ba ta, ta cusa min wani zoben roba tsakanin haƙora. Na ji sanyi yana hawa hannuna. Na ƙifta ido sau ɗaya.

Da na buɗe, roba ba ta bakina. Na ce Allah ya ba ni dama ta ƙarshe. Na cafke hannun nas, ga Hadiza tsaye a kaina, na fara zuba wa nas ɗin magana.

"'Yata, don girman Allah na fasa. Ƙarya na yi, ba a taɓa yi min ba. Haka aka yi wa yayana bai tashi ba. Matar nan mai dankali kuma ni na zuga ta, ku faɗa min gaskiya, ina kuka kai ta?"

Hawaye har gemu, miyau har wuyan riga. Nas ta ce Baba, ai an gama tun ɗazu, a ɗakin hutu kake, barcinka kake sha har da minshari. Na ce kada ta yaudari tsoho, ba a shiga cikin mutum a fito bai sani ba, ko ofis ne ai sai an gaisa da masinja. Hadiza ta miƙo min takarda mai hotuna, wani abu ja-ja kamar kayan ciki a teburin mahauci, da ɗan miki a gefe. Wai ni ne. Ina shirin musanta shi ma sai aka ja labulen da ke gefena.

Madam Rifkatu ce zaune a gado, tana ɗaura ɗankwalinta.

"Sannu Baba. Na yau shi ne na huɗu, ko na ɗaya?"

Ta yi dariya har tana dafe ciki. Da akwai rami a ƙarƙashin gadon nan da na sauka. Na fara haɗa kalmomin ba da haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Tun a benci na san kana tsoro. Ƙafarka tana rawa, har benci yana kaɗa ni. Na ce tsohon nan tsoro zai kashe shi amma ya tsaya yana lallashina. In shi zai shiga, ni ma zan shiga."

Ta ce za ta sa ni a addu'a ranar Lahadi, na ce na gode, ni ma zan sa jikokinta a tawa.

A mota Hadiza ba ta yi min dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Muna tsaye a cunkoson shiga Nyanya ta ce, Baba, ba ni labarin Baba Sale. Na ba ta, daga ranar da muka kai shi har ranar da muka dawo da takalmansa. Ban san maganar ta yi min nauyi haka ba sai da na sauke ta.

Mikin ya warke da magani, alhamdu lillahi. Abin da na koya kuwa, na rubuta shi ne don amfanin dattawa irina masu ilimin hammata: in kana jin tsoro ka ce kana ji, ba a cire wa kowa fansho a kan haka. In kuma ƙaryar jarumta ta zama dole, to kada ka yarda ku zauna benci ɗaya da wanda kake yi wa.