Ranar da Hita Ta Sa Na Kira Sunan Maigidana

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jaririn Bilki, ƙanwar maigidana, ba. Ko na so in manta, matan Guri ba za su bar ni ba.

Bilki ta dawo gidan iyayenta wankan jego a tsakiyar sanyi, kuma sanyin bakin fadama daga ruwa yake tasowa ya shige ƙashi. Maigidana ya ce ba za a sa wa jariri kaskon garwashi a ɗaki ba, sai muka sayo hita a kasuwar Hadejia, irin mai jan ƙarfen nan da ake jonawa a bango. Na tsare mai shagon da tambaya har ya gaji (ban yi nisa a boko ba, amma abin da aka faɗa mini yakan zauna). Ya ce kada a rufe ta, kada ta kusanci katifa ko labule, in an ɗauke wuta kuma a zare ta.

Na kwashe duka na faɗa wa surukata, Iya. Ta ce, "Ke dai da tsoro, 'yar nan. Da garwashi muka goyi namu, wa ya ƙone?"

Ranar suna aka wayi gari babu wuta. Hita ta huce a gefen gado, 'yan barka kuwa suka samu wurin aza kaya. Wannan ta ɗora shawul, waccan atamfa. Na leƙa na ga igiyar tana jone, amma ɗakin cike yake da gwaggonni, ni kuwa suruka ce. Na haɗiye maganata, na koma wajen suyar waina da Ummi, 'yata, goye a baya.

Can maza suka taru a ƙofar gida ana raba goro. Mata suka fito tsakar gida don su ji sunan da za a raɗa, Bilki ta shiga wanka. Ina cikin juya waina sai na ga ƙwan fitilar bakin madafi ya haska. An kawo wuta. Babu wanda ya lura, ni kuwa na tuna hitar tana jone da kaya a kanta, ga jaririn shi kaɗai ne a ɗakin.

Na tsallake tanda, na ture robar ƙullu, ɗankwalina ya maƙale a igiyar shanya. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Sagiru! Sagiru! Gobara!"

Jama'a, tun da aka kai ni ɗakin bawan Allahn nan ban taɓa kiran sunansa ba. Baban Ummi nake cewa, ko daga ni sai shi. Sai ga ni na kwarara shi har liman ya ji.

Na fizge igiyar daga bango, na sunkuci jaririn na yo waje. Maza suka danno gida da bokitai, surukina Baba Malam a gaba. Babu wuta, babu hayaƙi. Sai ni a tsaye, kai ba ɗankwali, ƙullu har gwiwa, yaro a gaba yarinya a baya.

Baba Malam ya ce, "Ina gobarar?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ta kusa zuwa, Baba."

Gwaggo Tabawa, yayar Iya, ta riƙe haɓa. "Oh ni! Wai wane ne Sagiru? Ashe kin san sunan nasa, ɓoye mana kike yi!" Gida ya kwashe da dariya. Shi kuwa mai sunan yana riƙe da bokiti yana kallon sama.

Iya ce kawai ba ta yi dariya ba. Ta shiga ɗakin tana ɗaga kayan da ke kan hitar. Shawul ɗin ƙasa ya riga ya yi baƙi-baƙi, ya manne da ƙarfen. Ta ɓamɓare shi, ta sansana, ta daɗe tana kallon gadon. Da ta fito sai ta ce, "A miƙo mata ɗankwalinta. Kuma abin nan, inda ta ce a ajiye, nan za a ajiye."

Har yau in na je Guri sai wata ta tare ni: "Matar Sagiru, wutar ta iso?" Nakan ce tana hanya. Amma duk gidan da na shiga na ga hita a jone babu mai kula, zare ta nake yi tun kafin mu gaisa. Kunyar taɓa igiya a ɗakin mutane ƙarama ce. Ni na ɗanɗana babbar.